Ku daina raina kiwon tattabaru

1/ Zare ne, ku ɗan yi haƙuri da ni. Na gaji da jin ana cewa kiwon tattabaru wasan yara ne, ko aikin marasa abin yi. Masu faɗin haka su ne dai ke kuka da tsadar abincin kaji kullum.

2/ Bari mu yi lissafi. Tattabara ƙwai 2 take yi, ta kwanta kwana 17 zuwa 18 ta ƙyanƙyashe. Namiji na karɓarta da rana, ita ta kwana a kai da dare. Ba injin ƙyanƙyasa, ba janareta, ba jiran wutar NEPA.

3/ Abincin 'yan shila ma iyayensu ke ba su. A kwanakin farko uwa da uba suna fitar da wani farin abu mai kauri kamar nono daga maƙogwaro, su ɗura musu. Kai naka kawai dawa, gero, masara, ɗan wake da ruwa mai tsabta.

4/ Cikin mako 4 ɗan shila ya isa yanka, kafin ya fara tashi, lokacin namansa na da taushi. Kafin ma a cire su uwar ta sake yin wasu ƙwai. Kajin turawa fa? Sai ka sayi 'yan tsaki, ka kunna musu wuta, ka sayi buhunan abinci, ka jira mako 6 zuwa 8.

5/ Wai abin ƙauye ne? A Masar tattabara cushe da shinkafa, hamam mahshi, abincin girmama baƙo ne, kuma hasumiyoyin laka suke gina musu a gonaki. A Isfahan ta Iran ɗaruruwan shekaru da suka wuce an gina hasumiyoyi don tara kashinsu kawai, saboda takin gona.

6/ Mu ma ai ba baƙon abu ba ne. Farfesun 'yan shila ake yi wa mai jego da marar lafiya tun kaka da kakanni. Iyayenmu tsohuwar tukunya suke ratayewa a bango, shi ke nan an samu gida.

7/ Amma fa masu kiwo ku ma ku ji naku. Ka zuba kuɗin buhun masara a kan tattabara ɗaya ta ado don a gani a status, alhali ba ta iya renon 'ya'yanta da kyau, wannan ba sana'a ba ce, malam.

8/ Sannan wanda ke sakin tsuntsayensa ba ya ba su ko tsaba, suna cinye shanyar maƙwabta, haƙƙin mutane yake ci. Ka ciyar da abinka. Ka share ɗakin, ka toshe hanyar ɓera da mage, ka ware wadda ta kamu da ciwo, sabuwar da ka sayo kada ka haɗa ta da sauran nan take.

9/ Ban ce za ka yi kuɗi cikin wata uku ba. Ƙwai 2 ne, ba 20 ba. Duk mai ce maka miliyoyi na nan tafe, tsuntsu yake son sayar maka.

10/ Abin da nake cewa, gidan da nama ya gagara zai iya fara da aure biyu ko uku a lungun tsakar gida, yara su riƙa shan romo. Wanda ke kiwo ya faɗa mana aure nawa ya fara da su. Allah Ya sa albarka.