Darasin da Katsina za ta koya daga kama jiragen fadar shugaban ƙasa

A watan Agustan 2024 wata kotu a birnin Paris ta ba da umarnin riƙe jiragen sama uku na fadar shugaban Najeriya. Tushen rikicin kuwa jihar Ogun ce, wadda a 2016 ta kori kamfanin Zhongshan na ƙasar Sin daga wani yankin ciniki da yake gudanarwa.

Kamfanin ya dogara da yarjejeniyar kare zuba jari ta 2001 tsakanin Najeriya da Sin, kuma a 2021 kwamitin sasanci a Landan ya yanke a biya shi kusan dala miliyan 70. Da biyan ya gagara, sai ya bi kadarorin Najeriya a kotunan Faransa, Birtaniya, Amurka da Kanada. Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Najeriya ta shiga a 1970, ita ce ta buɗe masa wannan ƙofa. A idon dokar ƙasa da ƙasa, abin da jiha ta aikata ƙasa ce ta aikata.

Manomin auduga a Malumfashi ko ɗan kasuwar masara a Funtua zai iya cewa ina ruwansa. Ruwansa ne, domin yankin na neman masu zuba jari daga waje, musamman bayan ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Funtua a 2024. Duk takardar da gwamnati ta sa wa hannu kan fili ko masana'anta, idan wata gwamnati ta zo ta yi watsi da ita, bashi ne kan talaka. Kuɗin taki da hanya ne za su tafi wajen lauyoyi.

Gaskiya ne wasu kamfanonin 'yan damfara ne. Kotun Landan ta soke hukuncin P&ID na sama da dala biliyan 11 a Oktoban 2023 saboda cin hanci. Amma an kwashe shekaru ana shari'a kafin a kai ga haka.

Don haka ya kamata Majalisar Dokokin Katsina ta riƙa ganin irin waɗannan yarjejeniyoyi kafin a sa hannu, a kuma bayyana wa jama'a inda za a yi shari'a idan saɓani ya taso. Rigakafi ya fi magani.