Wa ke da hoton biki: mai kyamara, mai biki, ko mai fuska?

Watannin baya aka aurar da ƙanwar matata a nan Garwa, aka kama wani zauren biki na haya don liyafar yamma. Masu hoto biyu ne a wurin. Ɗaya mu muka ɗauko shi, har an ba shi kafin alƙalami tun saura mako guda. Ɗayan kuwa irin yaran nan ne da ke bin bukukuwa a kan babur ba tare da an gayyace su ba: su ɗauki baƙi, su ruga su wanke, kafin a watse sun baza hotunan a bakin ƙofa, kowa ya ga fuskarsa ya ba da sefa 500 ya ɗauka. Duk mai zuwa biki a Garwa ko Marwa ko Ngaundere ya san su.

Ana cikin hidima sai kawun amarya ya hango yaron ya juya kyamara ɓangaren mata. Bai tsaya tambaya ba, ya fizge kyamarar, ya miƙa wa samarin gida ya ce su goge duk abin da ke ciki. Yaron yana cewa, "Baba, don girman Allah, akwai aikin mutane a ciki, sunan da na ɗauka da safe ne, ba a ma biya ni ba." Kawu ya ce, "Wa ya kira ka nan?" Aka share katin kaf, aka tankaɗa ƙeyarsa waje. Ni ma ina tsaye, ban ce uffan ba, don a lokacin gani nake ai shi ya jawo wa kansa.

Bayan mako guda, mai hoton namu, wanda muka biya, ya zuba hotunan bikin a shafinsa na Facebook da sunansa rubuce a tsakiyar kowanne, yana tallar aikinsa. A cikinsu akwai wata matar aure tana rawa cikin ƙawaye, mayafi ya zame mata. Dangin mijinta suka gani kafin mijin ya gani. Sai da ta yi kwana goma sha a gidan iyayenta kafin manya su sasanta. Shi mai hoton babu wanda ya ko ɗaga masa murya. Ya goge hoton, ya ce a yi haƙuri, shi ke nan.

Tun daga ranar nake juya abin a raina. Wanda ɓarnarsa ba ta wuce bakin ƙofa ba an hukunta shi fiye da laifinsa, wanda ya kusa kashe aure ya tafi salin alin. A ganina mun sa ido a inda bai kamata ba. Muna tsare lokacin da ake danna kyamara, mun bar lokacin da ake sakin hoton ga duniya, alhali nan ne wutar take.

Bari in fara da abin da kawu yake da gaskiya a kai, don kada a ce na goyi bayan rashin kunya. Gidan mutum nasa ne, zauren da ya biya kuɗin haya ma a wannan daren ikonsa ne. Yana da damar ya ce ba a ɗaukar hoto, ko ba a ɗaukar mata, ko mutum ɗaya ne kawai zai ɗauka, kuma duk wanda ya ƙi ji a nuna masa hanya. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan da ba namu ba, kuma wanda bai da izinin shigar da ƙafarsa, ina ga idon kyamararsa? A manyan wurare ma haka ake yi. Ku tuna gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, lokacin da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Roumdé Adjia ranar 11 ga Janairu, garin nan ya cika da baƙi daga Yola da Mubi. Tikiti ya ba ka kujera ne kawai. Masu ɗaukar hoto na bakin fili sai da takardar izini daga CAF, da wurin da aka ware musu. Babu wanda ya kira wannan zalunci.

Amma ikon korar mutum daban, ikon ƙwace masa kayan sana'a daban. Dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010, wadda ta shafi tsaron intanet da laifukan da ake yi ta cikinta, ta ce kowa na da haƙƙin a mutunta sirrin rayuwarsa, sannan ta ba alƙali ikon ya sa a riƙe ko a kama abin da ake keta sirrin da shi. Alƙali fa aka ce. Ba kawun amarya ba, ba mai gadin zaure ba, ba samarin unguwa ba. Abin da ya dace a daren nan shi ne a tsayar da yaron, a ce ya nuna abin da ya ɗauka a ɓangaren mata, ya goge da hannunsa a gaban mutane, ya kama gabansa. In ya ƙi, ofishin 'yan sanda ba nisa. Share masa katin gaba ɗaya, har da sunan wasu bayin Allah da ba su san hawa ba su san sauka ba, asara ce aka jawo masa, kuma dokar farar hula da ake aiki da ita a wannan ɓangare na ƙasar, a sashenta na 1382, ta ɗora wa duk wanda ya jawo wa wani asara da laifinsa nauyin biya. Yaron bai san wannan ba. Ko ya sani ma, wa zai kai Alhaji ƙara a kan katin kyamara?

Yanzu ga mai hoton da muka biya. Da na yi masa magana daga baya, amsarsa ita ce amsar da kusan duk masu sana'ar ke bayarwa: "Yaya, ai ni na ɗauka, hotona ne." Rabin maganar gaskiya ce. Dokar haƙƙin mallakar fasaha mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000 ta sa hoto cikin ayyukan da take karewa, kamar waƙa da littafi, kuma kariyar tana bin mai aikin tsawon ransa da shekara 50 bayan mutuwarsa. Sai dai dokar ta yi magana a kan aikin da aka sa ka aka biya ka. A irin wannan, kai ne dai mai aikin, sunanka ba ya goguwa, amma haƙƙin cin moriyarsa ana ɗaukar ya koma hannun wanda ya sa ka, sai in kun yi wata yarjejeniya daban. Wato mai hoton biki da bai rubuta komai da masu biki ba, ƙafarsa ba ta tsaya da kyau ba in ya ce zai yi talla da hotunan yadda ya ga dama.

Ko da ma a ce hoton nasa ne ɗari bisa ɗari, fuskar da ke ciki fa? Matar nan ba ta sa shi aiki ba, ba ta biya shi ba, ba ta san zai kai ta Facebook ba. Ta zo bikin ƙawarta ne, ta saki jiki a cikin mata 'yan'uwanta, a wurin da aka rufe ƙofa. Ita dokar 2010 ɗin ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga wanda ya keta sirrin wani ta hanyar naɗa ko yaɗa bayanansa na sirri ba da yardarsa ba. Ko hoton rawar biki ya shiga ƙarƙashin wannan, aikin alƙali ne ya faɗa. A watan Disamban 2024 kuma an sa hannu a wata sabuwar doka ta kare bayanan da suka shafi mutum. Alkiblar dai a bayyane take, kuma ba ta wajen mai cewa "ni na ɗauka" take ba.

Na san abin da masu hoto za su ce, kuma ban raina shi ba. Za su ce in ba su nuna aikinsu ba, ta ina za a san su? Yau amarya ba ta zuwa shago ta duba kundi, waya take buɗewa ta ga wanda hotonsa ya fi fita. Kyamara mai kyau da fitila da kwamfutar gyara ba ƙananan kuɗi ba ne, ga kuma kowane baƙo da wayarsa yana ɗauka kyauta. Za su ƙara da cewa su ma ana cin haƙƙinsu kullum: a ɗauki hotonsu a yanke sunan, a sa a kalandar ɗan siyasa ko allon tela ko shagon kwalliya, ko sisi ba a ba su ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ciwo ne tsoho. Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako, a 1991 aka baje hotunansa a wani baje kolin fasaha a New York ba tare da sunansa ba, aka ce ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali yana nan da ransa a Mali. Sai da aka bi sawu aka gano shi. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé kuwa, wanda ya yi suna da bin wuraren rawar samari da 'yan mata da kyamara, a 2007 ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Benis a Italiya. Saboda haka wanda ke ganin mai hoton biki ba kowa ba ne, ya sake tunani. A Kamaru akwai SCAAP, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin masu fim da masu hoto, amma in ka tara masu hoton biki na Yelwa da Fulɓere ka tambaye su, ina shakkar ko za ka cika hannu ɗaya da waɗanda suka taɓa taka ƙofarta.

To amma cutar da ake yi maka ba ta zama lasisin cutar da wata ba. Mai son a bar sunansa a jikin hotonsa, shi ya fi kowa cancantar ya gane me ya sa mace ke son a tambaye ta kafin a rataye fuskarta a kasuwa. Kuma tallar ba ta gagara ba. Ango da amarya in sun yarda, a sa su. Akwai ado, akwai lalle, akwai kayan ɗaki, akwai taron da aka ɗauka daga nesa. Akwai hawan Salla a ƙofar fadar Lamiɗo, inda mahaya suka fito musamman don a gan su, a fili, babu mai cewa don me ka ɗauki dokinsa. Mai gwaninta ba zai rasa abin nunawa ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke zama mu ƙididdige komai na biki, buhun shinkafa nawa, lemo katan nawa, kujera nawa, mai kiɗa zai tashi ƙarfe nawa, amma maganar hoto ba ta wuce "nawa za ka karɓa?" Tambayoyi kaɗan ne fa suka rage. Ina da ina zai shiga? Ɓangaren mata shi zai ɗauka, ko a nemo mace? Don akwai 'yan mata yanzu da suka iya aikin nan. Me zai iya sawa a shafinsa, kuma wa zai gani ya amince kafin ya sa? Su kuma masu biki sun yarda ba za su yanke sunansa ba, ba za su ba wani ɗan kasuwa hoton ba sai da saninsa? Ko a saƙon WhatsApp aka rubuta wannan, ya fi babu. Masu zauren haya su ma su rubuta a bakin ƙofa ko ana barin masu hoto na waje, don yaro ya san matsayinsa tun kafin ya kashe babur. Su kuma 'yan gayya masu ɗaga waya sama suna watsa biki kai tsaye a TikTok, waɗannan sai mai sanarwa ya ja musu kunne da lasifika, don babu takardar da za ta kama su.

Yaron da aka share wa kati na sake haɗuwa da shi a wajen babbar kasuwa. Na tambaye shi yadda suka ƙare da masu suna. Ya ce ya je ya faɗa musu gaskiya, uban jaririn ya yi faɗa ya gaji, hoton ranar suna dai babu shi, sai 'yan waɗanda aka ɗauka da waya. Na ba shi abin da ya sawwaƙa, na ce daga gidan amarya ne, ko da yake kawu bai san an yi ba. Na ce masa gaba ya riƙa neman mai biki ya yi sallama kafin ya fito da kyamara. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, in na tambaya ai hana ni za su yi." Na ce wasu za su hana, wasu za su ce ka tsaya ɓangaren maza. Ya ce zai gwada a bikin Asabar.