Kifin Juma'a da Ankon Dina

Tun da muka shiga zangon ƙarshe, guruf ɗin ajinmu na WhatsApp ba shi da zance sai dina, anko da farar rigar da za mu yi wa juna rubutu a kai ranar fita. Wanda ya yi shiru a ce masa marowaci. To, ni na yi shiru, ga kuma dalilina.

Kuɗin da nake kashewa a makarantar nan daga fadama suke fitowa. Babana manomin shinkafa ne, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗeja ya san shinkafa ba taka ba ce sai ta shiga buhu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, injin ban-ruwa ya zama ci-ba-ƙoshi. Masu karɓar N20,000 ta NELFUND duk wata ma su tuna bashi ne.

Amma kar a ɗauka wa'azin maƙo nake yi. Na gwada shi a shekarar farko: garin kwaki safe da dare, wai ina tari. Ana gobe jarrabawa olsa ta kwantar da ni. Abin da na tara mai kemis ya cinye, har sai da na ranto ciko.

Yanzu duk Juma'a bayan masallaci, mu huɗu 'yan ɗaki muna haɗa kuɗi mu sayo tarwaɗa, mu yi farfesu, mu sha hira har magariba. A garin da motoci ke zuwa daga nesa lodin kifi, a ce ka yi shekara biyu ba ka ɗanɗana ba? Haba!

Tambaya ɗaya nake yi wa kaina kafin in zaro kuɗi: da ba mai gani, zan saya? Kifi ya tsallake, anko ya faɗi. Shadda ce ta dare ɗaya, hoton ya yi awa 24 a sitatus ya ɓace, alhali ko furojet ba ka buga ba.

'Yan kwamiti, don Allah a mayar da anko ganin dama. Kowa ya zo da kayan sallarsa, kada wani ya fasa dinar ajinsu don kunya.

Farar riga kam zan saya, ta gwanjo, don ina son rubutun abokaina. Juma'ar nan kuma ni ne da zuwa kasuwar kifi.