Buhun shinkafa ba ya tare ambaliya

Jama'a, hadari ya fara haɗuwa, ni kuma gabana ya fara faɗuwa. Duk wanda yake zaune a Panshekara ko Zawaciki ko Ja'en ko Sharaɗa ya san abin da nake nufi.

Daminar bara, wajen ƙarfe biyun dare, ruwa ya shigo mana gida ta ƙarƙashin ƙofa. Ni da uwargida muka ɗora yara kan gado, muka kwana da bokiti muna kwalfa. Namu ma da sauƙi, ginin bulo ne. Maƙwabcina mai ginin ƙasa, lebura ne a wani kamfanin fata, ɗakuna biyu suka zube masa. Allah ne ya sa ya fitar da iyalinsa kafin katangar ta kwanta. Bayan sati biyu wasu suka zo da littafi, aka rubuta sunaye, aka ɗau hoto. Bayan wata uku aka kira shi, aka ba shi ƙaramin buhun shinkafa da tabarma da bargo. Ya sayar da babur ɗinsa ya sake tada ɗakunan, da ƙasa dai, a daidai inda suka faɗi. Kwatar da ta kawo ruwan kuwa tana nan yadda take, cike da leda da yashi.

Wannan shi ne ake sanarwa a rediyo cewa an tallafa wa waɗanda ambaliya ta shafa. To Allah ya ba da ladan sadaka. Amma wallahi in muka ci gaba da kiran wannan abu gyara, kanmu muke yaudara. Gari yana farfaɗowa ne ranar da aka kawar da abin da ya sa ruwan ya shigo.

Bari in ba ku misali da garin da ya fi mu shan wuya. Ranar 29 ga Agusta 2005 guguwar teku da ake kira Katrina ta afka wa birnin New Orleans na Amurka. Birnin kamar kwano yake, wani ɓangarensa ma ya fi teku ƙasa, jinga da katangu ne suke tare masa ruwa. Jingar ta ɓalle a wurare sama da 50, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na garin, mutum sama da 1,300 suka mutu a faɗin yankin. Da ruwa ya janye sai aka zaunar da injiniyoyi suka bi katangun nan ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta rahoto, aka buga shi kowa ya karanta. Sashen injiniyoyin sojan Amurka da ya gina su ya amsa cewa akwai kuskure a aikinsa. Sannan aka kashe kimanin dala biliyan 14 da rabi aka yi sababbin katangu da ƙofofin ruwa da manyan injinan zuƙe ruwa. Ku ji ikon Allah: ranar 29 ga Agusta 2021, shekara 16 cif, wata guguwar mai suna Ida ta zo. Ta kashe wutar garin gaba ɗaya, ta yaye rufin gidaje, amma jingar ta tsaya, ruwa bai cinye birnin ba.

Na san abin da wani zai rubuto min a ƙasa: "Malam, ai Amurka ce, su suna da kuɗi." To ga garin Galveston na jihar Texas. A 1900 guguwa ta kashe musu mutum sama da 6,000. Lokacin babu irin manyan injinan da muke gani yau. Suka gina katanga mai tsayin ƙafa 17 a bakin teku, suka riƙa ɗaga gidaje da jak na hannu, wajen gini 2,000, ana cika ƙarƙashinsu da yashi har garin ya tashi sama. Mu kuwa babu wanda ya ce mu tare teku. Kwata ce za a yashe kafin watan Yuni, hanyar ruwa ce za a hana gini a kai. Kuɗin da ake kashewa a gadar sama guda ɗaya, kwatocin unguwa nawa zai yi?

Wani kuma zai ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, ruwan sama daga Allah yake. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali. Hannun mutum ne ya sa wa takardar filin nan hannu. Kakanninmu sun bar kududdufai a cikin Kano, in an yi ruwa can yake taruwa. Mu muka cike su da shara, muka yanka filaye, muka dasa shaguna da gidajen mai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A Agustan 2022 duk mun ga bidiyon Kantin Kwari, atamfa da shadda na miliyoyi suna iyo, 'yan kasuwar da bakinsu suka nuna gine-ginen da aka ɗora kan magudanan ruwa. Aikin Jakara da Kwarin Gogau da muke kira Wuju-Wuju, shekara nawa ya yi a yashe? Kada ma a kawo min maganar jar hula ko wata hula. Ruwan da ya shigo ɗakina bai tambaye ni jam'iyyata ba.

Mu ma talakawa muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Da an ga hadari sai a aiki yaro ya juye shara a kwata wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Gidan na ƙasa da kai. Amma mai juye bola da mai ba da izinin gina filaza a bakin rafi, laifinsu ba ɗaya ba ne. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara ashirin ina aiki. Na ga yadda maganar magudanar ruwa take shiga kasafi a yi mata tafi, shekara ta ƙare ba a saki ko kwabo ba, baɗi a sake rubuta ta. Kuɗin agaji kuwa ba ya jinkiri haka, saboda rabon shinkafa yana da kyamara, yasar kwata ba ta da ita.

Mu na wannan yanki muna da ƙarin masifa biyu. Ta farko, ruwan da yake shigo mana ba na sama ba ne zalla. Dagwalon kamfanonin fata da na rini na Sharaɗa da Chalawa yana bin rafuka ya faɗa kogin Chalawa, kamar yadda na Bompai yake bin Getsi ya haɗe da Jakara. In kwata ta cika ta tumbatsa, wannan baƙin ruwan mai wari shi yara suke takawa, shi yake gangarawa rijiyoyi. Ta biyu, a ƙasan madatsar ruwa muke. Dam ɗin Chalawa yana can Ƙaraye a samanmu. Ban ce akwai abin da ya same shi ba. Cewa na yi muna da haƙƙin sanin lafiyarsa. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a 1988, manyanmu suna tunawa. Dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri ambaliya a 1994, ya sake ɓallewa a Satumban 2024 ya shanye unguwanni mutane suna barci. A Derna ta Libiya madatsu biyu suka fashe a Satumban 2023, dubbai suka mutu, alhali masana sun yi gargaɗi tun kafin nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin yi.

Kuma kada a ɗauka New Orleans ba ta yi kuskure ba. Tallafin sake gini da aka raba, da darajar gidanka kafin guguwa aka auna shi. Mai gida a unguwar masu hali ya samu da yawa, talaka, galibi baƙar fata, ya samu abin da ba zai tada masa gida ba. Unguwar Lower Ninth Ward har yau ba ta mayar da ko rabin mutanenta ba. Wannan ya zama izina gare mu. In za a rushe gini a kan hanyar ruwa, a fara da na mai kuɗi. Talakan da ya sayi ɗan fili da guminsa kuma a ba shi wani wurin kafin katafila ta zo.

Abin da nake nema ba shi da yawa. KNUPDA ta fitar da taswirar hanyoyin ruwan Kano, a manna ta a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, har da tamu ta Kumbotso, kowa ya gani kafin ya sayi fili. A yashe manyan magudanai tun da rani. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa buga rahoton lafiyar dam ɗin Tiga da na Chalawa duk shekara. A faɗa mana nawa jiha take karɓa na kuɗin kula da muhalli daga tarayya, da inda aka kashe shi. Hasashen da NiMet take fitarwa a farkon shekara kuma ya isa hannun masu unguwanni da limamai da Hausa.

Ku kuma 'yan'uwa, kowa ya ɗau hoton kwatar unguwarsu ya saka a nan ƙasa, da sunan layin. Zan tattara su, mu je mu miƙa wa kansila da ɗan majalisarmu hannu da hannu. Maƙwabcina ba shi da wani babur ɗin da zai sayar bana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa.