Shin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Za Ta Iya Gyara Ƙwaƙwalwa?

Daga cikin cututtukan taɓin hankali akwai wadda likitoci ke kira sikizofiriniya, sunan da wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa mata a 1908. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kama kimanin mutum ɗaya cikin 300. Abin da jama'a suka fi sani shi ne mai ciwon yakan ji muryoyin da babu su, ko ya yi ta zargin ana farautar rayuwarsa. Wannan ɓangare kuwa magani na iya kwantar da shi.

Sai dai akwai wata ɓarna ta ɓoye wadda ƙwayoyin magani ba su cika taɓawa ba. Za ka ga saurayi muryoyin sun lafa masa, amma an aike shi kasuwa sayen abu uku ya komo da ɗaya. Malami na bayani, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya ɓace masa. Wannan rauni na natsuwa da riƙe abu a ka, shi ne kan hana shi komawa aji ko wurin sana'a.

Saboda haka ne masana suka ƙirƙiro atisaye a kwamfuta. A birnin San Faransisko na Amurka, Sophia Vinogradov da abokan aikinta sun ba marasa lafiya horo na sa'o'i 50, suna sauraron sautuka suna bambance mai hawa da mai sauka, na'urar tana ƙara wahalar darasin gwargwadon ƙoƙarin mutum. Sakamakon da suka buga a 2009 ya nuna ci gaba wajen koyon kalmomi da tuna su. A wurin mai nazarin halittu wannan ba abin mamaki ba ne, domin mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa takan ƙara ƙarfi idan ana maimaita aiki, kamar yadda turba ke fitowa a daji saboda yawan sawu.

To amma ni a ganina, an ba na'urar yabon da ya fi ƙarfinta. A 2011 Farfesa Til Wykes ta Landan ta tattara bincike 40 da suka shafi mutum fiye da 2,000. Amfanin horon matsakaici ne, kuma ko da kwamfuta aka yi shi ko da takarda da fensir, ba a ga wani bambanci ba. Inda ya fi bayyana a rayuwar yau da kullum shi ne inda aka haɗa shi da koyon aiki da cuɗanya da mutane. Ashe cin maki a allon kwamfuta daban, ƙirga canji a gaban mai shago daban.

'Yan kasuwa kuwa ba sa son jin haka. A 2016 sai da kamfanin da ke sayar da wasannin Lumosity ya biya dala miliyan 2 a Amurka, saboda tallan da ya zarce hujja.

Ɗalibin da ke da irin wannan ɗan'uwa a gida, kada ya bari wani ya ce masa wasan waya zai maye gurbin maganin likita. In an samu atisayen a yi, amma bayan an tashi, a rubuta masa abu uku a takarda a raka shi kasuwa. Mako mai zuwa a bar takardar a gida.