Kada Ka Ajiye Kuɗinka Da Sunan Wani A Ƙasar Gana

A 'yan shekarun nan samarinmu da yawa daga Agege da Idi Araba da Sabon Badun suna bin hanyar Seme da Aflao, su sauka Ankara, babban birnin Gana, ko su wuce Kumasi neman abinci. Wasu takalma da yadi suke sayarwa, wasu gyaran waya, wasu kuwa fataucin albasa da dabbobi. Hanyar ba sabuwa ba ce, kakanninmu sun san Gwanja tun ana ɗauko goro a kan jakuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninsu: mutum ya je banki zai buɗe asusu, a tambaye shi takardu, ya ga abin da wuya, sai ya koma zango ya roƙi wani ɗan ƙasa ya riƙa zuba masa kuɗi a cikin nasa asusun.

Ɗan baffana ya yi haka shekara uku a Kumasi. Maigidansa dattijo ne mai amana, bai taɓa cin ko sisin kwabonsa ba. Ran nan farat ɗaya Allah ya yi wa dattijon rasuwa. Banki ya tsayar da asusun, ya ce sai an kawo takardar kotu ta rabon gado. Magada kuwa ba su ce ƙarya yake yi ba, cewa suka yi ya kawo shaida, shi kuwa iyakar shaidarsa wani ɗan littafi ne da ya rubuta da hannunsa. Sai da dattawan zango suka sa baki aka yi ta zama, kana aka ba shi wani abu, wanda bai kai abin da ya tara ba. Ban ga laifin magada ba, ban kuma ga na banki ba, domin banki suna ya sani, bai san amana ba.

To, me ake nema wurin baƙo? Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Gana ba biza, amma ta kwana 90 ce kurum. Wanda zai zauna fiye da haka sai ya nemi takardar izinin zama daga hukumar shige da fice. Bayan wannan akwai katin shaida na ƙasa, wanda suke kira Ghana Card. Tun daga ranar 1 ga Yuli, 2022, Babban Bankin Gana ya umurci bankuna su riƙa neman wannan katin wurin mai hulɗa da su, baƙi kuma suna da irin nasu daban. A shekarar 2022 kuɗin yanka katin baƙo dala 120 ne, sabunta shi kowace shekara dala 60. Sai fasfo mai rai, da shaidar inda kake kwana, wato takardar haya ko ta biyan kuɗin wuta, da lambar adireshin gida irin wadda gidan wayar ƙasar ya fito da ita a 2017.

Wani zai ce ai yana da asusu a Zenith ko UBA ko GTBank tun daga Ikko, ga kuma rassansu nan birjik a Ankara. Sunan ne ɗaya. Na can kamfani ne mai zaman kansa a ƙarƙashin dokar Gana, sai ka sake cike takardu daga farko kamar wanda ba su taɓa gani ba.

Na san dala 120 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai talla a bakin titi. Na kuma san dattawan zango suna da dalilinsu na tsoron banki, domin ba su manta da 1982 ba, lokacin da gwamnatin Rawlings ta janye takardar sidi 50, ta kuma tsayar da manyan asusu don bincike. Ko a kwanan baya ma, a 2017 an ƙwace lasin UT Bank da Capital Bank, a 2018 aka haɗe bankuna biyar suka zama ɗaya, a 2019 kuma aka soke lasin ƙananan gidajen ajiya da ba da rance har 347. Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba a ga wa aka biya bayan ƙura ta lafa. Wanda sunansa ke cikin littafin ajiya shi aka kira, ko da ya daɗe yana jira. Wanda ya ari suna kuwa ba shi da bakin magana, sai abin da mai sunan ya ga dama.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da suka shekara talatin a can suka karyar da kayansu a banza, suka hau manyan motoci. Mu ma a 1983 mun yi wa 'yan Gana irin wannan, saboda haka kada wani ya ce 'yan'uwantaka za ta hana. Takardun nan da banki ke nema su ne dai waɗanda ɗan sanda da jami'in shige da fice za su tambaya ranar da iska ta juya, wato kuɗin da ka kashe wajen yin su ya biya buƙata biyu.

Ina kira ga sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, tun da a gabansu yawancin yaran nan suke sallama kafin su tashi, su riƙa tambayar yaro ko ya yi fasfo tun daga gida. In kuma ya buɗe asusun a can, ya aiko wa iyalinsa da sunan bankin da lambar asusun a rubuce, a adana wurin wanda ya iya karatu.