Zari-ruga: Kofi Ba Ya Maye Gurbin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 2003 Steve Thompson yana cikin 'yan wasan Ingila da suka ci kofin duniya na zari-ruga. A 2020, yana da shekara 42, ya bayyana cewa likitoci sun tabbatar masa da ciwon mantuwa, har ba ya tuna ranar da suka ɗaga kofin. Shi da wasu tsoffin 'yan wasa suka kai hukumomin wasan ƙara.

Duk wanda ya taɓa kallon zari-ruga ya san wasan ƙarti ne, ƙato ya rugo a guje ya maka ƙato da ƙasa. Shekara da shekaru, wanda ya bugu a ka, ya miƙe yana tangaɗi ya ci gaba, shi ake yi wa kirari. A Faransa kuwa, Nicolas Chauvin, ɗan shekara 18, ya rasu a Disambar 2018 bayan ya karye a wuya a fili.

An fara gyara. A 2023 Ingila ta hana cafke abokin karawa daga ƙirji zuwa sama a wasannin ƙananan kulob. A wasan ƙarshe na kofin duniya na wannan shekarar, kyaftin ɗin New Zealand, Sam Cane, ya sha jan kati saboda bugun kai.

Wasu na ƙorafin an kashe armashin wasa. Mu ba mu yarda ba. Kowane ɗan kasuwa ya san ba a cinye uwar kuɗi a ce an ci riba, jarin ɗan wasa kuwa lafiyarsa ce. Muna kira ga hukumomin wasan da kada su sassauta: wanda ya bugu a ka, a fitar da shi, ko shi ne gwarzon ƙungiya.